Ta Wane Gefe Jirgin Ya Faɗi

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Gazawa ba, har yau ɗin nan ko guntun ƙarfen dogo babu a wajenmu. Amma da ka zo garin a daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, da ka rantse a bakin kasuwarmu jirgin kaya ya faɗi. Kowa da nasa labarin. Tsoho Kadi mai ɗinkin ƙwarya, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Tasawa ce, nan kusa da mu, shi ne ke zana wa mutane taragai a ƙasa da kara, yana nuna yadda suka hau kan juna. Larai maƙwabciyarmu ta ce gyaɗa ce ta zube, har tantabarun Kano suka ci suka kasa tashi. Wata ta ce ƙarya ne, gishiri ne, ƙanen mijinta ma ya kawo musu ta sa a miya. A bakin rijiya an yi wannan musu har an kusa fasa tulu.

Ni ba gyaɗa ce ta dame ni ba, ba kuma gishiri ba. Yayana Hashimu yana can. Dako yake yi a wata unguwa bayan birnin Kano, inda ake loda wa jirgi buhuna, kuma a nan ne aka ce jirgin ya faɗi. 'Yan cin rani sun dawo ɗaya bayan ɗaya don shuka, shi shiru. Ko yana raye ko ba ya raye, babu wanda ya buɗe baki ya gaya mana.

Mu biyu ne a gidan, ni da Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ni kuma a lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo ina taya ta soya ƙuli-ƙuli. Sunan Inna Baturiya, saboda farinta, kuma duk Gazawa an san ta da abu guda: kunyar ɗan fari. Hashimu ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba. In ta gama tuwo sai ta ce, "Zalika, kai wa mutanen zaure," alhali shi kaɗai ne a zauren. Mata suna yabonta, suna cewa ta fi Fulani kara. Ni kuwa, gaskiya, na tashi ina zaton ba ta sonsa ne kawai.

Inusa ne na ƙarshen dawowa, abokin Hashimu tun suna yara, tare suka tafi dakon, gida ɗaya ke tsakanin gidansu da namu. Washegarin isowarsa da hantsi ya yi sallama, ya durƙusa daga bakin zana. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Inna tana murza tunkuza, ba ta ɗaga kai ba. Suka gaisa, suka sake gaisawa, ta tambaye shi hanya, ta tambaye shi gajiya. Ni ina tsaye kamar zan fashe.

Can sai ta ce, "An ce jirgi ya hwaɗi wajenku."

"Ya hwaɗi, Inna."

"Ta wane gehe ya hwaɗi?"

Inusa ya dubi ƙasa. "Gabas, Inna."

"To," in ji ta. "Madalla da zuwa. A gaida mutanen gida."

Shi ke nan. Ya tashi ya fita, ta ci gaba da murza tunkuzarta. Na bi shi da gudu har bakin hanya, na sha gabansa. Na ce, "Inusa, wace irin gaisuwa ce wannan? Ina yayana?" Ya dube ni kamar wanda aka mara, ya ce, "Zalika, na riga na hwaɗa ma Inna." Na ce, "Ka hwaɗa mata mi? Ina tsaye, zancen jirgi kuka yi!" Kwana biyu bayan haka ya kwashi fartanyarsa ya tare a bukkar gonarsu, can nesa da gari, ya daina shigowa ko kasuwa.

Na koma na tsare Inna. Na ce mata ɗanki bai dawo ba, abokinsa ya zo har gida, ke kuma gefen jirgi kike tambaya, jirgin naki ne? Ta ce in rage wutar kasko, ƙulin zai ƙone.

Tun daga ranar kuwa sai Inna ta zama abin da ban gane ba. Matar da ba ta tsayawa hira a hanya, sai ga ta tana ajiye tire a gaban Tsoho Kadi tana kallon zanensa. Duk wanda aka ce ya taɓa taka Kano, sai ta aika masa da ƙuli, ta bi bayan ƙulin da tambaya. Tambayar kuma ɗaya ce, ba ta canzawa: ta wane gefe ya faɗi? Wani ya ce gabas, wani ya ce yamma, wani ya ce ai jirgi in zai faɗi ko'ina yake faɗuwa. Wanda ya ce yamma, ranar Inna za ta ci tuwo. Wanda ya ce gabas, sai ta ce ai wannan bai san komai ba. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai Baturiya ta samu taɓuwa, jirgi ya shiga kanta. Ni ma na fara tsoron haka ne. Ina tambayar mutanen nan Hashimu a bayan idonta, amma duk ba su san shi ba, Kano ba ƙauye ba ce.

Da aka yi noman biyu, wata safiya ta cika kwalaben man gyaɗa ta ce in shirya, kasuwar Agiye za mu kai. Na ce tun yaushe muke kai mai Agiye, mutanen Gazawa sun daina cin mai ne? Ta ɗauki kwalabenta ta yi gaba. Muka hau kamyo, babbar motar kaya, muna isa ba ta ko nufi rumfar masu mai ba, sai ta shiga tambayar wani Idrisa mai goro, wanda aka ce ya yi dako tare da mutanenmu kafin ciwon baya ya hana shi.

Muka same shi a bakin tasha, gajere mai baki kamar reza. Da jin an ambaci jirgi sai ya rufe goronsa da algarara ya gyara zama.

"Gwaggo, ai kin zo wurin mai labari. A idona aka yi. Tarago bakwai, duk gyaɗa. Ya taho shina huci, sai muka ji ƙara, sai ga su suna kwantawa ɗaya-ɗaya kamar raƙuma. Mata da yara suka hito da ƙoruka, 'yan doka na korar su, suna zagayowa ta baya. Ni kaina sai da na cika hulata."

"Ta wane gehe?"

"Yamma, cikin gonar rogon wani tsoho. Shi kaɗai ya yi kuka ranar, don ko akuya ba ta mutu ba."

Na yi wuf na ce, "Malam Idrisa, ka san Hashimu na Gazawa?"

"Dogon nan mai wushirya? Haba! Tare muka kwashi gyaɗar. Lahiya lau na baro shi, shina ta dariya."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Inna ta juya mana baya tun da na kama sunan, tana kallon motoci, amma na ga kunnenta na wajenmu. Ta bar wa Idrisa kwalbar mai guda kyauta. A hanyar dawowa har waƙar daka na ji tana yi ƙasa-ƙasa.

Murnar ba ta yi mako ba. In lafiya lau yake, me ya hana shi dawowa, ko ya aiko? In gyaɗa ce ta zube, ina aka samo gishirin da matar nan ta sa a miya? Kuma me zai sa Inusa ya ce gabas, ya gudu gona? Na je na same shi a bukkarsa, na ce Idrisa ya ce yamma. Ya ce, "Idrisa bai yi ƙarya ba." Na ce to kai ne ka yi ke nan. Ya ce, "Ni ma ban yi ba." Na ce jirgi ɗaya ya faɗi gabas ya faɗi yamma, ɗan tsako ne? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da shema. Na dawo gida kaina ya fi na da kullewa, har na fara zargin ko wata rigima ce suka yi da Hashimu a can, ko mace ce ta shiga tsakaninsu.

Bayan an yanke gero, Inna ta ce za mu Cadakori, can ƙasar Gobir, gaida wata gwaggonta marar lafiya. Shekarata ashirin da biyu a duniya ban taɓa jin muna da dangi a Gobir ba. Na ce mata, "Inna, gwaggon nan ita ma dako take yi?" Ta harare ni, na ɗaure kaya.

Tafiyar ta ba mu wuya. Kamyon gyaɗa ya kai mu Maraɗi, jandarma masu binciken motoci suka tsare shi a hanya rabin yini saboda wata takarda, muka kwana gidan wata 'yar garinmu, washegari muka samu wata motar. Babu wata gwaggo, kamar yadda na sani. Wanda muka je nema Chindo ne, uban tafiyar 'yan dako, wanda shekara da shekaru shi ke kai samarin ƙasarmu bakin dogo yana samo musu aiki. Muka tarar da shi a ƙofar gidansa da la'asar yana ɗaurin damin gero, dattijo mai zanen Gobirawa har kunne. Ya sa aka kawo mana fura. Bai san mu ba, Inna kuma ba ta faɗi ko mu su wane ne ba, ta ce daga gabas muke kawai.

"An ce kana wurin da jirgi ya hwaɗi," in ji ta.

"Wanne, baiwar Allah?"

Inna ta ajiye ludayin. "Biyu ne?"

"Biyu na. Wuri guda suka hwaɗi, inda dogon ya lanƙwasa, amma ba lokaci guda ba. Na hwari tun Nasara na mulki, kahin a canza tuta. Gyaɗa ce, ya kwanta yamma cikin rogo, anka yi ta dariya. Shi ne Idrisa na Agiye ka ba mutane labari, don daga nan ya taho gida bai koma ba. Na biyu ko, ranin ga da ya wuce, bayan an ɗaga sabuwar tuta. Gishiri da siminti ya ɗauko."

Sai a lokacin gyaɗa da gishirin bakin rijiya suka rabu a kaina. Wata biyar garinmu na faɗa a kan abu biyu yana zaton ɗaya ne.

"Na biyun," in ji Inna. "Ta wane gehe?"

"Gabas. Bisa rumhwar 'yan dako, gindin tsamiya. Da azahar ne, wasu sun shiga hutawa."

Rumfa, gindin tsamiya. Nan take na tuno. Shekarar da Hashimu ya fara zuwa cin rani ya dawo, ya zauna a tsakar gidanmu yana ba ni labari, ni da Inusa. Ya ce rumfarsu tana gabas da dogo a gindin wata tsamiya, kusa har in jirgi zai wuce ƙoƙon ruwansa rawa yake yi. Ni na manta da zancen tun a ranar. Inna tana can gefe tana daka, ta ba mu baya, kamar ba ta san ana yi ba. Ashe ta ji, ta kuma ajiye. Duk watannin nan da nake zaton jirgi take tambaya, ɗanta take tambaya, ta hanyar da bakinta zai iya.

Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Na ce, "Baba, ni ƙanwar Hashimu ce na Gazawa. Wagga uwarshi ce."

Chindo ya saki igiyar damin. Ya dubi Inna, ya dube ni.

"Inusa bai iso ba?"

"Ya iso tun hwarkon damina."

"Da akwatin?"

"Wane akwati?"

Ya shafa gemunsa, ya yi salati a hankali. Na roƙe shi ya faɗa mana ko mene ne, na ce mun yi tafiyar kwana biyu. Ya ce, "Ɗiyata, saƙo na hannun wanda anka ba. Ba ni shiga gaban shi. Ku tai gida ku tambayi Inusa, amma ku tambaye shi da suna." Ya faɗi haka yana kallon Inna, ita kuma tana kallon furar da ba ta sha ba.

A hanyar komawa zuciyata ta kasu biyu. Akwati ai saƙo ne, mai rai ma yana aiko da akwati. Wataƙila ya ji ciwo ne yana asibiti, wataƙila ya wuce Ikko. Na riƙa kawo wa kaina dalilai ina rushe su. Can wajen Agiye na ga Inna ta taɓa wani fasinja mai kama da ɗan kasuwa, ta ce, "Malam, in jirgi ya nuhi Kano, gabas hannun dama take ko hagu?" Mutumin ya ce ya danganta daga inda ya fito. Ta ce, "To, ka gani," kamar ya ba ta wani abu. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Muka sauka Gazawa da rana tsaka. Na ɗauka gida za mu, sai na ga ta miƙe hanyar gonaki da ƙullin kayanta a ka. Na bi ta. Inusa yana tsugune yana cirar gyaɗa, ya hango mu ya miƙe tsaye, ƙasa na zuba daga hannunsa. Inna ba ta gaishe shi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta tsaya a gabansa, bakinta ya motsa sau biyu babu sauti.

"Inusa," ta ce. "Ina Hashimu?"

Sunan ya fito mata a karkace, kamar baƙuwa mai koyon Hausa. Shekara ashirin da bakwai yana cikin bakinta bai taɓa fitowa ba.

Inusa ya zube a kan gwiwoyinsa. "Inna, na hwaɗa miki. Ranar da na zo na hwaɗa miki. Shi Hashimu ya taɓa ce mini kin san inda rumhwarmu take, ya ce ranar nan da kina daka taɓaryarki ta tsaya. Da kika tambayi gehe na ce gabas, kika ce to. Na ɗauka kin ji, kunya ce ta hana ki kuka gabana. Akwatin na bar shi bayan zana ina jira ki ce in shigo da shi, ba ki ce ba. Na yi ta jira ki aiko. Da na ga ba a yi zaman makoki ba, na rasa yadda zan yi, ni ba ni shelar mutuwar gidan da masu shi ba su buɗe baki ba." Ya fashe da kuka. "Ni na yi mishi wanka, Inna. Ni na sa shi rami."

Na zauna a kan kunyar gona. Haushi ya taso mini, na rasa wanda zan sauke wa. Na ce, "Wata biyar! Kai kana jira ta aiko, ita tana jira ka hwaɗa, ni kun bar ni tsakiya kamar mahaukaciya!" Babu wanda ya kula ni.

Inna ta ce, "Na ji ka, Inusa. Tun ranar na ji ka. So na yi in samu wanda zai ce yamma."

Ya shiga bukka ya fito da akwatin, ɗan ƙaramin na kwano, gefe guda ya loɓa. A ciki akwai rigarsa, da ƙoƙon ruwansa, da turmin atamfa shuɗi ko warware shi ba a yi ba. Inusa ya ce tun kafin abin ya faru ya saye shi, ya ce na mai ƙulin gidansu ne. Shi ma ashe bai taɓa iya ce mata Inna ba.

Ba ta taɓa atamfar ba. Ƙoƙon ta ɗauka, ta zauna a ƙasa cikin gonar mutane, ta rungume shi, ta shiga kiran sunan. Hashimu, Hashimu. Tun yana fita da ƙyar har ya miƙe a bakinta, har masu aiki a gonakin kusa suka ajiye kayan aikinsu suka taho. A ranar aka yi zaman makokin da ya makara da wata biyar.

Mutanen Gazawa ba su daina musun jirgi ba, don labari mai daɗi ba ya mutuwa. Na gaya musu biyu ne har na gaji, bayan shekara suka sake haɗe su. Tsoho Kadi ya ci gaba da zanensa, taragan ma suka ƙaru. Amma duk ranar da aka tayar da zancen a bakin rijiya, wata na cewa gyaɗa wata na cewa gishiri, in Inna na wurin sai ta sauke tulunta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Gishiri ne," take cewa. "Gabas ya hwaɗi. Ɗana Hashimu na ciki."